Mahaɗar Bim da Ginshiƙi a Kankare Mai Tsananin Ƙarfi: Abin da Girgizar Ƙasa Ke Nema Daga Maginan Figil da Garwa

Tsakure

Takardar nan ta duba yadda mahaɗar bim da ginshiƙi ke ɗaukar girgizar ƙasa idan an zuba ta da kankare mai tsananin ƙarfi, wato wanda ya haura megafaskal 50, sannan ta auna hakan da yadda ake gini a Figil da Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru. Hujjarta ita ce, ƙarfin mahaɗa ba ya hauhawa daidai da ƙarfin kankare, kuma idan aka fake da ƙarfin kankaren aka rage kaurin ginshiƙi, mahaɗar takan fi ta da rauni. An kawo lissafi a kan mahaɗa guda don nuna haka, tare da shawarar gwajin da ya kamata a yi da siminti da yashi da tsakuwar yankin.

1.0 Gabatarwa



Wanda ya tashi daga Garwa ya nufi Marwa, in ya ci kimanin kilomita 90 zai ga farar ƙura ta lulluɓe itatuwan bakin hanya. Ya iso Figil ke nan, a gundumar Mayo-Luti. Tun 1971 kamfanin Cimencam, wanda aka kafa a 1963, yake ƙona farin dutsen Bidzar a nan da zafin da ya kai digiri 1,450, ya fitar da kilinka, ya niƙa ta ta zama siminti. Shekaru da yawa nan ne kaɗai ake ƙona kilinka a Kamaru, don masana'antar Duwala niƙa wadda aka shigo da ita take yi. Garin da siminti ke fitowa daga ƙasarsa ya cancanci a tambaya a cikinsa: ina simintin nan yake ƙarewa a jikin gini, kuma wane aiki muke ɗora masa?

A Garwa da Marwa da Ngaundere benaye suna ta tashi, hawa huɗu, hawa biyar. Fili ya yi tsada, mai gini yana son shaguna masu faɗi a ƙasa ba tare da ginshiƙai sun tare masa wuri ba. A irin wannan hali ne maganar kankare mai tsananin ƙarfi ta fara shiga bakin matasan injiniyoyinmu, kuma suna da gaskiya cewa yana rage kaurin ginshiƙi. Damuwata tana kan ɗan wurin nan da bim ya ratsa ginshiƙi, wanda bai fi girman kwali ba, wanda kuma da wuya ka ga an zana shi daban a takardun gininmu.

2.0 Shin ƙasar nan tana motsi?

Tana motsi, sai dai ba sosai ba, kuma bai kamata a tsorata kowa ba. Arewacin Kamaru yanki ne na ƙaramin haɗari. Amma layin duwatsu masu aman wuta na Kamaru, mai tsawon kusan kilomita 1,600, ya taso ne daga tsibiran Tekun Gini, ya bi ta Dutsen Kamaru wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya hau tudun Adamawa, reshensa ya miƙa zuwa Biu da duwatsun Mandara. Akwai kuma doguwar tsagar ƙasa da ta ratso daga Fumban ta bi ta Adamawa, kuma a kusa da ita ne Tibati ta yi girgiza mai ƙarfin maki 4.8 a 1987. Kwarin Binuwai da Garwa ke zaune a kansa, shi kansa tsohuwar tsaga ce da rairayi da laka suka cike.

Yammacin Afirka ya sha nuna cewa shirun ƙasa ba alkawari ba ne. Akkara ta girgiza a ranar 22 ga Yuni 1939. A ranar 22 ga Disamba 1983 girgiza mai maki sama da 6 ta auka wa yankin Gawal a arewa maso yammacin Gini, inda ba a lissafa wurin cikin masu haɗari ba, ta kashe ɗaruruwan mutane. A Nijeriya mutanen Kwoi a jihar Kaduna sun ji ƙasa ta motsa a 2016, na Mpape a Abuja a 2018. Sannan ƙasa mai taushi tana ƙara wa girgiza ƙarfi: gine-gine da yawa sun ruguje a birnin Meziko a 1985 alhali cibiyar girgizar tana nesa da shi da fiye da kilomita 300, saboda a kan lakar tsohon tafki aka gina shi. Unguwannin Garwa da ke kan lakar bakin Binuwai, da filayen baƙar ƙasa da Fulani ke kira karal, sun fi na kan dutse buƙatar a kula.

Duk da haka, ƙa'idar BAEL 91 ta Faransa, wadda mafi yawanmu muka koyi lissafi da ita, nauyin da ke dannowa daga sama da iska ta fi mayar da hankali a kai. Faransa ta ware wa girgizar ƙasa wasu ƙa'idoji daban, mu kuwa mun ɗauki ta farkon mun bar sauran.

3.0 Abin da ke faruwa a cikin mahaɗa

A rana irin ta yau mahaɗa hutawa take yi. Nauyi yana saukowa ta ginshiƙi ya wuce. Da zarar ƙasa ta ja gini gefe guda, al'amari ya sauya. Rodin saman bim yana fizgar mahaɗa ta wannan fuska, kankaren ƙasan bim yana tura ta ta waccan fuska, ginshiƙin sama da na ƙasa suna yin nasu. Abin da ya haɗu a tsakiya shi ne ƙarfin yanka, irin wanda almakashi ke yi wa ƙyalle, kuma yakan ninka wanda ke cikin ginshiƙin kansa sau da yawa. Cikin daƙiƙa guda gini ya dawo ɗaya gefen, komai ya juye. Shi ya sa mahaɗar da girgiza ta ci ake ganinta da tsagu biyu a gicciye.

Hanson da Connor ne suka fara gwada wannan a ɗakin gwaji a Amurka a 1967. Daga baya Paulay da Park da Priestley, a Jami'ar Canterbury ta Niyu Zilan, suka bayyana a 1978 cewa mahaɗa tana tsayawa ne ta hanya biyu. Ta farko, kankaren ciki yana zama kamar tokara da aka kafa daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta biyu, zobban rodi da ke kewaye da ciki suna riƙe kankaren bayan ya tsage, su hana shi watsewa. Idan babu zobba, tokarar kaɗai ta rage, kuma da ta farfashe babu abin da zai tare rodin ginshiƙi daga lanƙwashewa waje. Bim in ya lalace, ɗaki guda ya lalace. Mahaɗa in ta lalace, ginshiƙi ya rasa wurin tsayawa, duk abin da ke samansa ya sauko.

An ga wannan a Bumardas ta Aljeriya ranar 21 ga Mayu 2003, inda girgiza mai maki 6.8 ta kashe sama da mutum 2,200. Aljeriya ta fi kowace ƙasa kama da mu a wannan fanni, don makarantar lissafi ɗaya muka fito, kuma abin da masu bincike suka yi ta gani a ɓaraguzai shi ne mahaɗu babu zobe ko ɗaya a cikinsu. An gan shi a Izmit ta Turkiyya a 1999, an sake ganinsa a kudancin ƙasar a watan Fabrairu 2023. A Christchurch ta Niyu Zilan, ginin CTV ya rufta a ranar 22 ga Fabrairu 2011 ya kashe mutum 115, kuma hukumar binciken da aka kafa ta ambaci raunin mahaɗu cikin manyan aibobin ginin.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne ga maginin Hausa. Wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, zai ga bakan gizo da aka tayar da azara a kan azara, kowace ta hau bayan 'yar'uwarta an ɗaure su kafin a shafe da ƙasa. Maginan sun san cewa azara komai ƙwarinta, inda ta haɗu da wata nan ne abin tsoro yake.

4.0 Kankare mai tsananin ƙarfi: abin da yake bayarwa da abin da yake karɓewa

Kankaren da muka saba da shi, mai siminti kilo 350 a kowace mita kubik, ana lissafa shi a megafaskal 25 bayan kwana 28. Ƙa'idar Turai tana ɗaukar wanda ya haura 50 a matsayin mai tsananin ƙarfi, ta Amurka daga 55. Ana samunsa ta hanyar rage ruwa har ya koma kashi 35 cikin ɗari na nauyin siminti ko ƙasa da haka, a sa maganin sassauta kwaɓi, wani lokaci a ƙara ƙurar silika. Japan ta yi wani babban shirin bincike daga 1988 zuwa 1993 a kan kankare har zuwa megafaskal 120, kuma dogayen gidajenta na kankare sun amfana da shi. Don haka babu mai cewa kayan ba shi da kyau.

Sai dai yana da gautsi. Kankaren gama-gari in ya tsage, tsagar tana kewaye tsakuwa, fuskokinta biyu su zama masu kaushi, su ci gaba da cizon juna. A mai tsananin ƙarfi, turmin ya kai tsakuwa ƙwari, sai tsagar ta ratsa ta tsakiyar tsakuwar, ta bar fuska mai santsi. Yana ɗaukar kaya mai yawa, amma in ya kai iyakarsa fashewa yake yi ba tare da ya yi kashedi ba. Girgizar ƙasa kuwa danƙo take nema, wato gini ya tanƙwara ya dawo sau da yawa bai karye ba.

Saboda haka ne ƙa'idoji ba su yarda ƙarfin mahaɗa ya bi ƙarfin kankare kai tsaye ba. A ƙa'idar ACI 318 ta Amurka, bugun 2014, ana ɗaukar saiwar murabba'in ƙarfin kankare, a ninka da faɗin cikin mahaɗa, a ninka da wani adadi: 1.7 in bim ya rufe ta ta fuska huɗu, 1.2 in ta fuska uku ne ko biyu masu kallon juna, 1.0 ga sauran, kamar ta kusurwa. Ƙa'idar Turai ta girgizar ƙasa ita ma tana rage kason da ake dogara da shi gwargwadon yadda kankare ke ƙara ƙarfi. Ehsani da Alameddine, da suka gwada mahaɗun kusurwa na kankare mai megafaskal 55 zuwa sama da 90 a Jami'ar Arizona, sun nuna a 1991 cewa sharuɗɗan da aka tsara don kankaren gama-gari ba a ɗora su a kan wannan kai tsaye.

Bari mu sauko da wannan zuwa gini guda. Mu ɗauki ginshiƙin kusurwa mai santimita 30 a kan 30, na kankare 25. In muka ajiye rodinsa gefe, kankaren yana ɗaukar danniya ta kilonyutan 2,250. Mahaɗarsa kuma: saiwar 25 ita ce 5, a ninka da murabba'in milimita 90,000, an sami kilonyutan 450, wato kamar tan 45. Yanzu injiniya ya ɗaga kankare zuwa 60, ya rage ginshiƙi zuwa 20 a kan 20. Danniyar da yake ɗauka ta zama 2,400, har ta ɗan fi ta da, mai gini ya sami fili, kowa ya yi murna. Amma saiwar 60 ba ta kai 8 ba, kusan 7.7 ce, faɗin mahaɗa kuma ya koma 40,000. Ƙarfinta ya sauko zuwa 310.

Me ake nema daga gare ta? A ce bim yana da rodi uku na milimita 16 a sama, ƙarfe mai megafaskal 500. Jimillar kaurinsu murabba'in milimita 603 ne. Ƙa'ida ta ce a ƙara kashi 25 cikin ɗari, don ƙarfe yakan wuce abin da aka rubuta masa in ya miƙe. Fizgar ta kai 377. A cire kimanin 45 da ginshiƙi mai tsawon mita 3 yake mayarwa, saura kusan 330. Mahaɗar farko, ta kankaren gama-gari, ta ɗauka da rara. Ta biyu, mai tsadar kankare, ta gaza.

Ban gama ba, don akwai abin da ya fi wannan damuna. A wuraren gininmu ana zuba ginshiƙi ne a tsaya a ƙarƙashin bim. Bayan kwanaki sai a zuba bim da dakin a rana ɗaya. Ke nan kankaren da ya cika mahaɗa na dakin ne. Idan an sayi mai ƙarfin 60 don ginshiƙai kawai, aka bar dakin a 25 don rage kuɗi, mahaɗar nan mai 20 a kan 20 ƙarfinta 200 ne, ƙasa da rabin wanda muka fara da shi. ACI 318 ta san wannan tarko: ta ce in kankaren ginshiƙi ya ninka na dakin fiye da sau 1.4, to a ɗauki mataki, kamar a zuba kankaren ginshiƙin a mahaɗa har ya bazu santimita 60 cikin dakin kafin a haɗe shi da sauran. Namu misalin sau 2.4 ne.

Kaurin ginshiƙi yana da wani aikin kuma. A mahaɗar tsakiya, rodin bim yana ratsawa ya fita ta ɗaya gefen, ana jansa ta nan ana tura shi ta can, kuma kamun da kankare ya yi masa a tsakanin fuskokin ginshiƙi biyu ne kaɗai ke hana shi zamewa. Ƙa'idar Amurka ta ce zurfin ginshiƙi ya kai kaurin rodi sau 20, bugun 2019 kuma ya ɗaga shi zuwa sau 26 ga ƙarfe mai megafaskal 550. Rodin 16 yana neman santimita 32 ke nan, ginshiƙi mai 20 kuwa ba ya karɓar fiye da rodin 10. Haka zobba: yawan da ake buƙata yana hauhawa tare da ƙarfin kankare, daga 25 zuwa 60 ya ninka fiye da sau biyu, a cikin wurin da aka riga aka ƙuntata. Sannan sharaɗin cewa ginshiƙi ya fi bim ƙarfin tanƙwara, sau 1.2 a Amurka, sau 1.3 a Turai, siririn ginshiƙi da wuya ya cika shi.

5.0 A bakin aiki

Wata rana a wani gini a Garwa na leƙa cikin katakon bim kafin a zuba dakin, na tarar zobban ginshiƙi sun tsaya a ƙarƙashin bim, sun ci gaba a samansa, tsakiya babu komai. Na tambayi dattijon da ke ɗaurin rodi. Ya ce, "Yallaɓai, a ƙasa muke ɗaure kejin bim mu sauke shi daga sama. In akwai zobe a wurin, ta ina zai shiga?" Na ce, "Baba, gaskiyarka." Ba ganganci ya yi ba, kuma takardar da aka ba shi ba ta nuna masa komai a wurin ba. Muka zauna tare muka ga cewa in an zura zobban a kan rodin ginshiƙi tun da fari aka bar su a sake, ana iya sauke kejin sannan a ɗaga su a ɗaure. Tun daga ranar na daina fitar da zane ba tare da hoton mahaɗa daban ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Akwai wasu abubuwa biyu da ido ke iya kamawa. Bakin zobe a lanƙwasa shi digiri 135 ya shige cikin kankare, don wanda aka lanƙwasa digiri 90 buɗewa yake yi da zarar fatar kankare ta ɓare. Rodin bim kuma a mahaɗar gefe ya tafi har bayan ginshiƙi, ƙugiyarsa ta juya zuwa cikin mahaɗa.

Yanayinmu ma ba ya saukaka wa kankare mai ƙarancin ruwa. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, a hunturu kuma iska busasshiya ce. Kwaɓin yakan fara ƙarfi tun a baro, sai lebura ya ƙara masa ruwa don ya shiga tsakanin rodi, kuma bokiti guda ya isa ya mayar da 60 abin da bai kai 40 ba. Yana buƙatar tsakuwa ƙanana masu ƙwari, yashin kogi da aka wanke daga laka, injin girgiza kankare mai siririn kai, zubi da asuba, da jiƙaƙƙun buhuna na aƙalla kwana 7. Wurin da ake auna siminti da shebur ba zai iya riƙe wannan ba, kuma ni a ganina laifi ne injiniya ya rubuta ƙarfin da ya san ba a iya tabbatar da shi a wurin aikin.

Wani zai ce, don girgizar da ƙila ba za ta zo a zamaninmu ba? Benen da ya rufta a Duwala ranar 23 ga Yuli 2023 ya kashe sama da mutum 30, wani ya bi shi a Ngaundere cikin makon, kuma babu girgizar da ta taɓa su. Baƙar ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, harsashi ya sauka a gefe guda, mai gida ya ƙara hawa biyu a kan ginin da aka lissafa wa uku. Duk waɗannan ta mahaɗa suke bi. Kuɗin kuma kaɗan ne. Zoben milimita 8 na ginshiƙi mai 30 a kan 30 yana cin kimanin mita 1.2, nauyinsa bai kai rabin kilo ba. Huɗu a kowace mahaɗa, a gini mai ginshiƙi 20 da hawa 4, zobe 320 ke nan, sandar rodi 32 masu mita 12. Wannan bai kai cikakken sharaɗin ƙasashe masu girgiza mai tsanani ba, amma ya dace da irin haɗarinmu, kuma tazarar da ke tsakaninsa da mahaɗar da babu komai a cikinta babba ce.

6.0 Abin da nake roƙo

Ga makarantu, asibitoci, masallatan Juma'a da kasuwanni masu bene, ina ganin ya kamata hukumar ƙa'idoji ta ANOR da ofisoshin ba da izinin gini su sa ƙaramin sharaɗi: ginshiƙi kada ya gaza santimita 30 a gini mai hawa uku ko fiye, zobba su ratsa mahaɗa, a duba su da ido kafin zubi. Aljeriya ta sa nata ƙaramin kaurin ya zama 30 a yankunan da suka fi haɗari. Kankare mai tsananin ƙarfi kuma a bar shi ga aikin da ke da injin kwaɓi mai awo da ɗakin gwaji, kuma a yi amfani da shi a ƙara ƙarfi ba tare da an taɓa kaurin ginshiƙi ba.

Adadin 1.0 da 1.2 da 1.7 da na yi lissafi da su, daga gwajin kayan wasu ƙasashe aka samo su. Muna da Babbar Makarantar Injiniya ta Jami'ar Marwa, muna da Jami'ar Ngaundere, da ta Garwa da aka kafa a 2022, ga kuma ɗakin gwaji na ƙasa, Labogénie. Shawarata a zuba mahaɗun kusurwa guda shida, cikakken girma, da simintin Figil da yashin Mayo-Luti: biyu masu 30 a kan 30 da kankare 25, biyu masu 20 a kan 20 da kankare 60, biyu masu 30 a kan 30 da kankare 60, a kowane rukuni ɗaya da zobba ɗaya babu. A tura bakin bim sama da ƙasa da jak, ana ƙara karkata daga rabin kashi ɗaya cikin ɗari har zuwa kashi 3.5, wanda shi ne ma'aunin da ACI 374 ta sa, a ga wadda za ta riƙe kashi uku cikin huɗu na ƙarfinta a wannan matsayi. A zuba su a watan Afrilu, a fili, da hannun masu ɗaurin rodi da leburorin da ke yi mana aiki kullum, kuma a gayyace su su tsaya a wurin ranar da za a karya su.